RIGAKAFI TA HANJI: YADDA MASU KIWON JATAN LANDE KE KAUCE WA ANNOBA

Duk ɗan Arewa da ya kwana biyu a Ikko, ko Fatakwal, ko Kalaba, ya san jatan lande. In bai gan shi ɗanye cikin kwando a kasuwar kifi ta Epe ko Makoko ba, to lalle ya ga busasshensa da ake aunawa a Oyingbo, wanda mutanen Kurmi ke kira kirefish, suna daka shi suna zubawa a miya kamar yadda matan Arewa ke yi da daddawa. Akwai ma fatake da ke sayo buhunansa daga Oron ta Jihar Akwa Ibom, su yi Arewa da shi.

Wanda ake gani a waɗannan kasuwanni kamo shi ake yi daga teku da bakin koguna. Amma a wasu ƙasashen duniya kiwonsa ake yi a tafkuna, kamar yadda ake kiwon kaji a akurki, kuma sana'a ce ta maƙudan kuɗi. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa a shekarar 2020 an samu kusan tan miliyan 6 na wani iri guda kawai, watau mai fararen ƙafafu. Ƙasar Ekwado da ke Kudancin Amurka ita kaɗai ta sayar wa ƙasashen waje fiye da tan miliyan 1 a shekarar 2022. Ƙasar Sin, da Indiya, da Biyetnam, da Indunisiya, da Tailan duk suna cikin manyan masu wannan kiwo.

Babban abin da ke hana masu wannan sana'a barci shi ne cuta. Mutum yakan zuba dukiyarsa duka a tafki, ya wayi gari ya tarar da gawawwaki sun cika bakin ruwa. Wannan ne ya sa masana suka duƙufa wajen neman hanyar da za a ƙarfafa jikin dabbar tun kafin cuta ta zo, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin da suka fi ɗaukar hankali ita ce ta zuba wani sinadari cikin abincinsa, wanda ake kira firibayotik.

ANNOBA BAYAN ANNOBA

Wani masani ɗan ƙasar Japan, Motosaku Fujinaga, shi ne ya fara samun nasarar sa jatan lande ya yi ƙwai ya ƙyanƙyashe a hannun ɗan Adam, a cikin shekarun 1930. Daga nan ilmin ya bazu, har ya kasance a shekarun 1980 tsibirin Taiwan yana kan gaba a duniya wajen wannan kiwo. Sai dai saboda kwaɗayin riba aka riƙa cunkusa dabbobin fiye da kima cikin tafkuna, ruwa ya ɓaci, cututtuka suka samu gindin zama. A shekarar 1988 sana'ar ta faɗi warwas a tsibirin.

A shekarar 1992 wata cuta ta ɓulla a Gabashin Asiya, wadda ake kira cutar farin tabo, saboda fararen ɗige-ɗige da takan fitar a jikin ɓawon dabbar. Ƙwayar bairos ce ke kawo ta, kuma takan iya share tafki kakaf cikin kwana 3 zuwa 10. Ta durƙusar da masu kiwo na ƙasar Sin a 1993, sa'an nan ta isa Ekwado a 1999, inda abin da ƙasar ke fitarwa waje ya ragu da fiye da rabi.

Ba a gama farfaɗowa ba sai ga wata a shekarar 2009, ita ma daga ƙasar Sin, wadda aka sa wa suna cutar mutuwar wuri, domin takan kashe 'ya'yan jatan lande cikin wata guda da zuba su a tafki. Ta shiga Biyetnam a 2010, Maleshiya a 2011, Tailan a 2012, sai Meziko a 2013. Amfanin da Tailan ke samu ya ragu da kimanin rabi. A shekarar 2013 ne masana na Jami'ar Arizona ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Donald Lightner, suka gano cewa wani nau'i ne na ƙwayar bakteriya mai suna Vibrio ke haddasa ta. Ƙwayar takan shiga ta baki, ta zauna a cikin dabbar, ta saki dafin da ke lalata hantarta. Watau dai ta hanyar abinci ɓarnar ke shiga, don haka sai hankalin masana ya ƙara komawa kan hanji.

BA YA KARƁAR ALLURA

Mai karatu zai ce, to me ya hana a yi musu allurar rigakafi kamar yadda ake yi wa shanu da kaji? Amsa ita ce halittar jatan lande dabam take. Jikin mutum, da na saniya, da na kaza, har da na kifi, yana iya tuna cutar da ya taɓa haɗuwa da ita, ya tanadi makamin da ya dace da ita. A kan wannan tunawa aka gina allurar rigakafi. Jatan lande ba shi da irin waɗannan makamai. Abin da yake da shi kawai shi ne garkuwar da aka haife shi da ita, watau ɓawonsa, da bangon hanjinsa, da wasu ƙwayoyi cikin jininsa waɗanda ke haɗiye baƙon abu ko su kewaye shi su rufe da wani baƙin sinadari. Jinin nasa ma shuɗi-shuɗi ne, domin sinadarin jan ƙarfe ne ke ɗaukar iska a cikinsa.

Bugu da ƙari, ko da akwai allurar, wa zai iya bin dabbobi dubu ɗari a tafki guda yana yi musu ɗaya bayan ɗaya, alhali kuwa lokacin da ake zuba su ba su kai tsawon gaɓar yatsa ba? Saboda haka duk abin da za a ba su, sai dai ta abinci ko ta ruwa.

MAGANI YA ZAMA MATSALA

Da farko abin da masu kiwo suka runguma shi ne magungunan kashe ƙwayoyin cuta, watau antibayotik. Suka riƙa cuɗa su da abinci, ko da cuta ko babu. Wannan ya haifar da illa iri biyu.

Ta farko, ƙwayoyin cutar sukan saba da maganin, har ya daina yi musu kome, kuma irin waɗannan ƙwayoyi masu taurin kai sukan bi ruwa da abinci su iso ga mutane. Wani babban bincike da aka buga a mujallar likitoci ta Lancet a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya a shekarar 2019 saboda cututtukan da suka daina jin magani, kuma yankin Afirka ta Yamma ne abin ya fi yi wa ɓarna idan aka kwatanta da yawan jama'a.

Ta biyu, ragowar maganin takan zauna a naman. A watan Janairu na 2002 Tarayyar Turai ta hana shigo da jatan lande da wasu kayan abinci daga ƙasar Sin, bayan an sami ɓurɓushin maganin kuloramfenikol a ciki, maganin da kan hana ɓargon wasu mutane yin jini. Daga farkon 2006 kuma Tarayyar ta haramta zuba antibayotik cikin abincin dabbobi don kawai a sa su girma da sauri. A 2016 ta ba da umurni a riƙa gwada rabin dukan kayan jatan landen kiwo da ke fitowa daga Indiya. Ɗan kasuwar da aka mayar masa da kwantena guda daga tashar jiragen ruwa ta Turai ya san zafin abin. Ga kuma wani ƙarin bayani: antibayotik ba ya yi wa bairos kome, don haka ko buhu aka zuba ba zai tsayar da cutar farin tabo ba.

IRI DA TAKI

Cikin hanjin kowace dabba akwai ƙananan halittu bila adadin da ido ba ya gani. Wasu masu cutarwa ne, wasu kuwa masu amfani ne, suna taimakawa wajen narkar da abinci, suna kuma tare wa miyagun wuri. Bahaushe ya daɗe yana hulɗa da masu amfanin ko da bai san sunansu ba. Su ne ke mayar da madara kindirmo, su ne kuma ke mayar da kalwa daddawa. Abin sha'awa ma shi ne, dangin ƙwayar da ke nunar da daddawa, mai suna Bacillus, suna cikin waɗanda masu kiwon jatan lande suka fi zubawa a abinci da ruwan tafki.

Idan aka ba dabba waɗannan halittu masu amfani da ransu, shi ake kira furobayotik. Idan kuwa abincin da halittun ke so aka ba ta, domin waɗanda ke cikin hanjinta su ƙoshi su yawaita, shi ne firibayotik. Manomi zai fi ganewa idan aka ce na farko iri ne, na biyu kuwa taki. Akan kuma haɗa su biyun wuri guda, a kira haɗin simbayotik.

Masana biyu ne suka raɗa wa abin suna a shekarar 1995, Glenn Gibson na Ingila da Marcel Roberfroid na Beljiyam. Da lafiyar mutane suka fara, daga baya masu kiwon kaji, da aladu, da kifi suka ɗauka. Sharaɗin abin shi ne ya kasance dabbar ba ta iya narkar da shi da kanta, ya wuce har cikin hanji, halittu masu amfani su ci, sa'an nan a ga alherin hakan a lafiyar dabbar.

DAGA INA AKE SAMUNSA?

Yawancinsu dangin sukari ne masu sarƙaƙƙiyar halitta, kuma daga tsirrai da yis ake tatso su. Akwai inulin, wanda masana'antu ke samu daga saiwar wani tsiro mai suna cikori da ake nomawa a Beljiyam, da Holan, da Faransa. Daga inulin ɗin ake yanko wani mai gajeren jiki da ake kira FOS. 'Yan kasuwar Mile 12 za su so su ji cewa waɗannan sinadarai biyu suna nan cikin albasa da tafarnuwa da suke saukewa kullum daga motocin Aliero da Sakkwato.

Akwai kuma MOS, wanda ake cirowa daga ɓawon ƙwayar yis, irin wanda masu gidan burodi ke kwaɓa fulawa da shi. Daga wannan ɓawo ne kuma ake samun beta-gulukan, wanda aikinsa ya fi karkata ga zaburar da garkuwar jiki. Sai GOS da ake yi daga sukarin madara, da XOS wanda masana'antun ƙasar Sin ke yi daga totuwar masara, abin da a ƙauyukan Arewa wuta ake hurawa da shi.

Ba da yawa ake zubawa ba. A yawancin gwaje-gwajen da aka yi, tsakanin giram 2 ne zuwa 10 a kowane kilo na abinci. Wani alherinsa kuma shi ne ba shi da rai, saboda haka zafin injin da ke murza abinci ya fitar da shi ƙwaya-ƙwaya bai cika lalata shi ba, kuma yakan jure ajiya. Furobayotik kuwa, tun da yake mai rai ne, zafin inji ko na sito yakan kashe da yawa daga cikinsa.

YADDA YAKE AIKI

Masana sun bayyana hanyoyi huɗu. Ta ɗaya, idan halittu masu amfani suka yawaita sukan mamaye bangon hanji su cinye abincin da ke wurin, sai Vibrio da ire-irensa su rasa masauki. Ta biyu, yayin da suke cin firibayotik sukan fitar da wasu sinadarai masu tsami, waɗanda ke ciyar da bangon hanji, su kuma takura wa miyagun ƙwayoyi. Ta uku, MOS yakan zama kamar tarko, domin wasu ƙwayoyin cuta sukan manne masa maimakon su manne wa hanji, sai su fita tare da kashi. Ta huɗu, idan jikin jatan lande ya ji alamar ɓawon yis, yakan ɗauka maƙiyi ne ya shigo, sai ya ƙara yawan ƙwayoyin jinin da ke yaƙi, ya zauna cikin shiri.

A gwaje-gwaje da dama da aka yi a Asiya da Kudancin Amurka, an ciyar da rukuni guda da abinci mai firibayotik na 'yan makonni, aka bar wani rukuni haka nan, sa'an nan aka sa musu ƙwayar cuta da gangan. Sau da yawa rukunin farko ya fi tsira, wani lokaci kuma ya fi saurin girma da abinci kaɗan. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin abinci kan cinye rabi ko fiye na kuɗin da mai kiwo ke kashewa.

Akwai kuma batun waken soya. Da can garin kifi shi ne ginshiƙin abincin jatan lande, kuma ƙasar Peru ce kan gaba wajen samar da shi. Ya yi tsada, har ma a 2023 Peru ta soke kakar kamun kifinta ta farko saboda ɗumamar ruwan teku. Don haka masana'antu suna ta maye gurbinsa da waken soya, amma idan waken ya yi yawa yakan dami hanjin dabbar. Firibayotik yana cikin abubuwan da ake gwadawa don rage wannan damuwa.

INDA ƘARFINSA YA TSAYA

Masu iya magana sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Ba kowane gwaji ne ya ba da sakamako mai daɗi ba. A wasu ba a ga wani bambanci ba sam. Abin da ya yi aiki ga wani irin jatan lande yakan ƙi yi ga wani, haka nan abin da ya yi wa ƙanana amfani ba lalle ya yi wa manya ba. Da yawa daga gwaje-gwajen cikin tankuna masu tsabta aka yi su, na wata ɗaya ko biyu, alhali tafkin gaske yana da laka, da ruwan sama, da tsuntsaye, da ƙaguwa masu ɗauko cuta daga wani wuri.

Haka kuma yawan zubawa ba ya ƙara alheri. An lura cewa idan aka wuce kima, ko aka daɗe ana zaburar da garkuwar jiki ba hutawa, amfanin yakan ragu, girma ma ya ja baya. Sa'an nan firibayotik ba ya warkar da dabbar da ta riga ta kamu. Idan farin tabo ya shiga tafki, ba abin da zai yi.

Shi ya sa manyan gonaki ke haɗa shi da wasu matakai. Sukan sayi 'ya'ya daga wuraren ƙyanƙyasa da aka tabbatar ba su ɗauke da cuta. Sukan busar da tafki su zuba farar ƙasa bayan kowane girbi, su tace ruwan da ke shigowa, su kunna injinan kaɗa ruwa musamman da asuba lokacin da iska ke ƙaranci a ciki, su kuma guji cunkoso da zuba abinci fiye da wanda za a cinye. Wanda ya bar ruwansa ya ruɓe, ko me ya zuba a abinci asara ce.

INA RABON NIJERIYA?

Har yanzu mafi yawan jatan landen ƙasar nan na kamu ne. Jiragen kamun kifi da ke tashi daga Ikko suna kamo manya daga teku, a daskarar da su a kai Turai. A tafkin Ikko, da Epe, da Badagry, da Kogin Kuros kuma akwai wani babba mai dogayen hannuwa, ɗan asalin Afirka ta Yamma, wanda masunta ke kamawa da gora. Cibiyar Binciken Teku ta Nijeriya da ke Victoria Island, wadda aka kafa a 1975, da cibiyar horar da masu kiwon kifi ta Aluu kusa da Fatakwal, sun daɗe suna nazarin yadda za a yi kiwon waɗannan dabbobi. A cikin shekarun 2010 wani kamfani ya kafa babbar gonar jatan lande a yankin Badagry. Duk wanda zai shiga wannan sana'a da niyyar sayarwa Turai, dokokin nan na ragowar magani suna jiransa a bakin tasha.

Amma inda darasin ya fi shafar 'yan Arewa mazauna Kudu a yau shi ne kiwon tarwaɗa, sana'ar da Nijeriya ke kan gaba a cikinta a Afirka. Samari da yawa daga Arewa suna aiki a gonakin kifi na Ikorodu, da Epe, da Ijebu-Ode, wasu masu gadi, wasu masu ba da abinci, wasu kuma sun tara ɗan jari sun kafa tankunansu. Masara da waken soya da ake murza abincin kifin da su, akasari daga Arewa ake kawo su. A irin waɗannan gonaki ba baƙon abu ba ne a ga an sayo antibayotik a kanti an zuba ba tare da shawarar likitan dabbobi ba, watau hanyar nan da ta jefa masu kiwon Asiya cikin wahala. Su ma masu binciken tarwaɗa da karfasa suna gwada MOS da inulin, kuma wasu masana'antun abincin kifi sun riga sun fara zuba irin waɗannan sinadarai.

Saboda haka ga 'yan shawarwari ga mai ƙaramin jari. Kada ya sayi kowane ƙunshi sai ya ga lambar rajistar hukumar NAFDAC, da sunan sinadarin da ke ciki, da adadin da za a zuba, da ranar da zai lalace. Duk mai tallan da ya ce garinsa na maganin kowace cuta, a yi hattara da shi. Kada kuma wani ya ji an ambaci albasa ya je ya yayyanka ta cikin tafki, domin ruɓewa za ta yi ta ɓata ruwa. Abin da ake magana a kai tatacce ne, aunanne. Wanda zai gwada, ya ware tanki guda ya ba shi sabon abincin, ya bar ɗaya a kan na da, ya riƙa rubuta yawan abincin da ya zuba, da waɗanda suka mutu, da nauyin da ya samu ranar girbi. Lissafin nan ne zai gaya masa ko kuɗinsa sun dawo. Idan kuwa kifi ya fara mutuwa, a nemi likitan dabbobi ko malamin gona na sashen kifi tun da wuri, kuma in an ba da magani a jira kwanakin da aka ƙayyade su cika kafin a kai kasuwa.

Masu kiwon Taiwan, da Sin, da Tailan, da Ekwado sun sayi wannan ilmi da tsada ƙwarai, wasu da gonakinsu, wasu da bashin da suka kasa biya. Masu kiwo na ƙasar nan sun same shi a araha, kuma Hausawa sun ce gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Ruwa mai tsabta, da iri mai lafiya, da abincin da ke gyara hanji sun fi buhun magani sauƙin kuɗi, sun kuma fi shi kare lafiyar iyalin da za su ci abin da aka kiwata.